Malamin labarin ƙasa da ruwa ya ci gidansa

Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandaren je-ka-ka-dawo a ƙasar Haɗeja, jihar Jigawa. Na rubuta wannan ne saboda ƙannena da ke kwalejojin ilimi, waɗanda gobe za a tura su ƙauye a miƙa musu alli a ce su koyar da wannan darasi, da kuma iyayen da 'ya'yansu ke gudunsa.

A bakin fadama aka haife ni. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yana noma gero da wake a jigawa, shinkafa a fadama, in ruwa ya janye kuma ya shiga su. Kafin a sa ni firamare na san ƙasar da ke riƙe ruwa da wadda ke shanye shi nan take, na san inda ake samun ruwa a gajeriyar rijiya da inda sai an sha haƙa. Duk yaron garinmu ya san wannan. Amma da na shiga babbar sakandare, darasin labarin ƙasa ya zame mana kwafar rubutu. A cika allo da Turanci, mu kwafa, a goge, a sake cikawa. Muka haddace sunayen duwatsun da ke aman wuta da kogunan ƙanƙara, ba wanda ya taɓa ce mana jigayin da muke noma a kai tsofaffin tuddan rairayi ne da iska ta jera tun zamanin da hamada ta sauko kudu fiye da inda take yanzu. Taswira irin ta jarrabawa kuwa, mai launi da layuka a murɗe, ranar da na fara riƙe ta a hannuna ita ce ranar WAEC. Na buɗe ta, na juya, na sake juyawa. Ban san ko ina ne samanta ba.

Sakamako ya fito da F9. Turanci ma bai zo ba. Abokaina suka wuce, ni na koma gona. Abin da ya fi cin raina a lokacin shi ne shirun mahaifina. Ya sayar da tunkiyar Inna ya biya kuɗin jarrabawar, kuma bai taɓa yi mini gori ba ko sau ɗaya. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na daina zama majalisa, in na hango 'yan makaranta da yunifom sai in canja hanya.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin safiyo ne ya fito da ni daga wannan hali. Ya ji labarina wurin mahaifina, ya aiko a kira ni. Ya sa na kwaɓa yumɓu na gina ɗan tudu a cikin daro, gefe ɗaya a tsaye, ɗaya gefen a kwance. Ya kafa rula a jikin daron, ya ce in zuba ruwa ya kai santimita 2, in zagaye bakin ruwan a jikin yumɓun da tsinke. Na ƙara ya kai 4, na zagaye. Haka har ruwa ya rufe tudun. Muka tsiyaye, ya ce, "To yaro, tashi tsaye ka leƙa ta sama." Ga layukan nan da suka ruɗa ni a zauren jarrabawa, wato layin tudu mai nuna tsayin ƙasa, sun matse da juna a gefen da ke tsaye, sun ware a gefen da ke kwance. Na ce, "Baba, dama abin ke nan?" Ya ce abin ke nan. Na sake zama jarrabawa na ci, na yi NCE, aka ɗauke ni aiki.

Na zo da zafina, aiki ya sanyaya ni. Yaro ba ya haɗuwa da labarin ƙasa a matsayin darasi mai zaman kansa sai ya shiga SS1, kuma tun da aka sauya manhajar babbar sakandare a 2011 darasin zaɓi ne, wanda ya so ya ɗauka. Yara kuwa suna tambayar yayyensu, yayyen su ce musu akwai lissafi, akwai zane, ana faɗuwa. Sai su gudu. Shugaban makaranta ya ga ajina ba kowa, ya ɗora mini darasin zama ɗan ƙasa da aikin gona don cike gurbi. Babu ƙwallon duniya, babu littafin taswirori, babu kamfas. Shekaru na fari sakamakon ɗalibaina bai fi nawa na da ba. Ranar da aka manna shi a allon sanarwa nakan rasa inda zan sa fuskata, don na san tunkiyar wa aka sayar.

Sai na zauna na tsefe jarrabawar kanta. Takardu uku ce a WAEC. Ta farko ta zaɓi-ka-cike, ta biyu ta shafi jama'a da tattalin arziki da yankuna, ta uku kuma ta yanayin ƙasa da aikin taswira. A ta ukun, tambaya ta farko tilas ce, ita ce ta taswira, kuma ta fi kowace tambaya a takardar maki. Ita ce kuma wadda ba ta bukatar dogon Turanci. Yaron ƙauye da ba zai iya cika shafi da bayani ba zai iya kwashe makinta da rula da zare da fensir, in dai hannunsa ya saba. Daga nan na mayar da kusan rabin lokacina kanta.

Taswirar kanta ita ce matsala ta farko. Na bi makarantu ina roƙon ragowar na jarrabawar baya. Wanda zai yi hoton kwafi ya kula da abu biyu. Baƙi-da-fari yana kashe launi, kogi mai shuɗi da layin tudu mai ruwan ƙasa da hanya duk su zama abu ɗaya, yaro ya bi layin tudu yana zaton rafi ne. Na biyu ya fi haɗari: injin yakan rage girman takarda don ta shiga shafi, ma'auni ya lalace ba ka sani ba. Kafin ka raba wa yara, ɗora rula a kan sandar ma'aunin da ke ƙasan taswirar. In an rubuta 1:50,000, dole kilomita 1 ta zama santimita 2 cif. In ba ta kai ba, duk amsar da za su fitar kuskure ce. Ajiya kuma, gara da ɓera ba sa barin takarda a ofishin ƙauye. Ni nakan naɗe su in zura a bututun roba mai inci 4, irin na masu aikin famfo, in toshe bakinsa biyu da murfi.

Awon nisa da zaren ɗinki na auduga muke yi. Zaren saƙa da na roba suna miƙewa, su ƙara wa hanya tsawo. Yaro ya ɗaura ƙulli a farko, ya bi lanƙwasar hanyar da farce, ya sa alamar biro a ƙarshe, ya miƙe zaren a kan rula. Santimita 13 a taswirar 1:50,000 kilomita 6.5 ke nan. Wannan suna kamawa da wuri. Inda suke zubewa shi ne lissafin gangare. Tsofaffin taswirorin Najeriya da ƙafa aka rubuta tsayinsu, tazarar ƙafa 50 tsakanin layi da layi, nisa kuma yaro ya fitar da shi da mita. A ce wuri ɗaya yana kan ƙafa 1,250, ɗayan ƙafa 1,000, tsakaninsu santimita 6, wato mita 3,000. Yaro sai ya raba 3,000 da 250 ya rubuta 1 cikin 12. Ya haɗa ƙafa da mita. Daidai shi ne ya fara mayar da ƙafa 250 zuwa mita, ya ninka da 0.3048, ya samu kusan 76, sannan ya raba, amsa ta fito kusan 1 cikin 39. Don haka abu na farko da nake sa su yi in an ba su taswira shi ne su karanta gefenta su ga da me aka auna tsayi, tun kafin su duba tambaya.

Sai rage taswira. In an ce a mayar da ita rabi, mai tsawon santimita 30 da faɗin 24 za ta koma 15 da 12, sabon ma'auni kuma 1:100,000. Mafi yawan yara 1:25,000 suke rubutawa, don a tunaninsu abin da aka rage lambarsa ma raguwa take yi. Bayani da baki bai taɓa gyara wannan ba. Abin da ya gyara shi ne na sa kowa ya zana filin makaranta sau biyu, babba da ƙarami, sannan ya gaya mini mita nawa santimita ɗaya ta ɗauka a kowanne. Kusurwa kuma daga arewa ake auna ta, a juya ta hannun dama, a rubuta da lamba uku, kamar 045. Kuskuren da ake yi kullum shi ne ɗora ma'aunin kusurwa a kan garin da aka nufa maimakon garin da aka taso, amsa ta kauce da digiri 180.

Rashin kamfas bai hana mu samun arewa ba. A kafa sanda mai mita 1 a tsaye a fili mai laushi. Da hantsi a sa dutse a bakin inuwarta, a ɗaura igiya a gindin sandar a zana da'ira ta bi ta kan dutsen. Inuwa za ta gajarce ta shige cikin da'irar, bayan azahar ta sake tsawo. Inda ta sake taɓa da'irar a sa dutse na biyu. Layin da ya haɗa duwatsun biyu shi ne gabas da yamma. Ranar da muka fara wannan gardama ta kaure, don yara sun ga gabas ɗinmu ba ta yi daidai da fuskar masallaci ba. Daga ƙasarmu alƙibla tana wajen digiri 68 ne daga arewa, wato gabas ce da ta karkata arewa, ainihin gabas kuwa 90. Liman da kansa ya zo ya duba, ya ce haka malamansu suka gaya musu, a ɗan karkata hagu. Da wannan sandar kuma suke ganin cewa daga ƙarshen Afrilu zuwa wajen 20 ga Agusta inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa, domin muna wajen digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, rana takan wuce ta kanmu sau biyu a shekara.

Lissafin lokaci da azumi nake koyar da shi. Duniya tana juya digiri 15 a awa ɗaya, wato minti 4 kowane digiri. Maiduguri tana wajen digiri 13 gabas, Sakkwato wajen 5, bambanci 8, sau 4, minti 32. Kowane yaro ya san mutanen Maiduguri suna riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa, yana ji a rediyo. Agogon Najeriya kuma a kan digiri 15 aka saita shi, mu muna kan 10, shi ya sa rana ba ta tsayawa tsaka a wurinmu sai wajen 12:20. Akwai kuma tambayar da duk shekara sai wani ya yi: littafi ya ce iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, daga tekun Atlantika, amma mu hadari daga gabas muke ganin yana tasowa. Malamin da ya ce wa yaro ya yi shiru ya haddace ya rasa shi har abada. Duka biyun gaskiya ne. Iskar da ke kusa da ƙasa ita ke kawo laima daga teku, a can sama kuwa, wajen kilomita 3 zuwa 4, akwai iska mai ƙarfi da ke busowa daga gabas, ita ke tura gajimaren hadari yamma.

Ma'aunin ruwan sama ma da kanmu muka yi. Gorar roba mai miƙaƙƙen jiki, a yanke wuyanta a kifa shi ciki ya zama mazurari, a zuba siminti a gindi ya shafe ƙusoshin nan na ƙasa ya zama lebur, a manna rula a jiki sifirinta daidai saman simintin. A binne ta bakinta ya ɗago santimita 30 daga ƙasa, nesa da bishiya ko gini da aƙalla ninki biyu na tsayinsu, a kewaye da ƙaya saboda awaki. Kowace safiya a lokaci ɗaya a karanta, a rubuta, a zubar. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowace murabba'in mita, ruwan milimita 40 a dare ɗaya kuwa lita 400,000 ke nan a hekta ɗaya. Yaran da iyayensu ke ban ruwa da inji suna jin wannan lissafin a jikinsu. Muka cika littafi guda da awon damuna bayan damuna.

Haka nake, aji ya fara cika, sai ga daminar 2022.

Duk abin da ya faru na koyar da shi a allo kafin ya faru. Kogin Kano da na Challawa ne ke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja, ya gangaro ta Wudil da Ringim, ya bazu a dausayin Haɗeja da Nguru, ragowarsa ta bi Komadugu Yobe zuwa Tafkin Chadi. Birnin Kano yana bisa teku da kusan mita 480, Haɗeja wajen 350, a kan tafiya mai nisa haka. Da kogin ya baro ƙasar dutse ya shigo ƙasar rairayi da laka sai gudunsa ya mutu, ya zubar da yashin da ya ɗauko, cikinsa ya cike. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa yana gudana har da rani, wannan ya ba ciyawar kacalla damar kafuwa ta toshe hanyoyin ruwa da yawa. In aka yi damina mai ƙarfi a sama da ƙasa lokaci guda, ruwa ba shi da wurin zuwa sai gonaki da gidaje.

Gidanmu na gado a unguwar da ta fi kusa da fadama yake. Ruwan 2020 ya taɓa katangarmu ya koma, ya bar shaida. Na san ma'anar wannan shaida fiye da kowa a unguwar. Na yi cigiyar fili a kan tudu, na ji kuɗinsa, na lissafa bulo da kwano, na dubi albashina da bakunan da ke kaina, na ga ko na shekara uku ban ci komai ba ba zai isa ba. Inna kuma ta ce ita daga ɗakin da mijinta ya bar ta sai kabari. Sai na koma cikin masu cika buhu da ƙasa muna ɗaga jinga, ina yi ina sane da cewa ba za ta riƙe ba in ruwan ya zo da gaske. Wannan zaman na sani ba hali, shekara biyu ina kwana da shi, ban taɓa gaya wa kowa ba sai matata.

A watan Satumba jingar ta ɓalle da dare. Ginin ƙasa ta gindi yake mutuwa, ruwa ya jiƙa tushe, bango ya zauna, rufi ya biyo shi. Mun fita da yara da Inna a kwalekwale, da abin da hannu ya iya ɗauka. Shinkafar da na ci bashin taki na noma ta nutse tana gab da fitar da kai. Littattafaina da takardun shaidar karatuna da littafin awon ruwan nan duk suka tafi. Makarantarmu tana kan tudu, ita ta zama sansani. Na kwana da iyalina a ajin da nake koyarwa, an raba shi da zannuwa tsakanin gida huɗu. Na ga ana faskara bencin ɗalibai ana hura wuta, ban iya cewa komai ba, don tuwon da aka dafa da shi har da 'ya'yana aka ci.

A nan zazzaɓi da gudawa suka kama Inna. Hanya ta yanke, kafin mu kai ta asibiti jiki ya riga ya yi nisa. Allah ya karɓi abarsa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Bayan sadakar bakwai na fara jin maganganu. Wani a majalisa ya ce, cikin wasa wai, ga malamin da ke auna ruwan sama da gora ruwa ya ci gidansa. Aka yi dariya, ni ma na yi. Da na koma na kasa cin abinci. Na yanke shawarar barin koyarwa, wani abokina ya yi mini hanyar tuƙa Keke Napep a Kano. Na rubuta takardar ajiye aiki na sa a aljihu. Matata ba ta hana ni ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Malam, in za ka tafi ka tafi don kuɗi, wannan na gane. Amma kada ka tafi don maganar majalisa." Takardar ta yi makonni a aljihuna. Ba wani abin kirki ya tsayar da ni ba illa lissafi: albashi ko yaya yake yana zuwa, ga bashin taki, ga 'yan SS3 da aka riga aka biya wa kuɗin jarrabawa kuma ba wani malamin darasin a makarantar.

Da ruwa ya janye aka koma karatu a ƙasa kan tabarmi. Bututun taswirorina na same shi a saman kabad ɗin ofis, ba abin da ya same su. Na shimfiɗa ta yankinmu ina dubawa, sai na lura da abin da ban taɓa damuwa da shi ba. Garinmu gaba ɗaya, da inda ya nutse da inda ya tsira, yana tsakanin layin tudu ɗaya da na gaba da shi. Tazarar ƙafa 50 ta fi mita 15, mu kuwa abin da ya raba mai gida da marar gida a daren nan bai kai tsayin mutum ba. Taswirar gwamnati ba za ta taɓa nuna shi ba. Amma ruwan ya bar layi a jikin kowane bangon siminti da kowace bishiya, kuma ruwan da ya kwanta a gari bakinsa a tsayi ɗaya yake ko'ina. Na fita da yara na nuna musu, na ce ga layin tudu nan an zana muku a bango.

Muka je wurin Bulama, mai garinmu. Na ce, "Ranka ya daɗe, izini muke nema mu auna garin nan, mu san ina ne tudu ina ne kwari." Ya ce ai kowa ya sani, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Na ce haka ne, amma ido ba ya raba taƙi ɗaya da taƙi biyu a nisan unguwa guda, ruwa kuwa yana rabawa. Ya yi shiru, sannan ya haɗa mu da ɗansa ya riƙa shiga da mu gidaje.

Kayan aikin na magina ne. Tiyo mai haske, siriri, mita 15, da sanduna biyu masu mita 2 da aka yi wa alamar santimita daga ƙasa. A cika tiyon da ruwan da aka ɗan rina da zoɓo don a gan shi, a bubbuga har kumfar iska ta fita duka. Muka ɗauki dakalin simintin masallacin Juma'a a matsayin sifiri. Yaro ɗaya ya tsaya da sanda a baya, ɗaya a gaba, kowa ya jingina bakin tiyo a sandarsa, a jira ruwa ya natsu, a karanta tare. In na baya ya karanta 90, na gaba 65, to ƙasar gaba ta fi tsayi da santimita 25, don inda lamba ta fi ƙanƙanta nan ne tudu. Wannan juyin yana ruɗa su da farko. Sai na baya ya wuce gaba, na gaba ya tsaya inda yake kada ya motsa sandarsa, a ci gaba ana tarawa ana debewa. Abubuwan da ke ɓata awo: kumfa a tiyo, yaro ya manta yatsansa a bakin tiyon, sanda ta karkata, ko wani ya taka tiyon a tsakiya. Maganinsu shi ne kowane zagaye ya dawo dakalin da aka fara. In jimilla ta dawo kusa da sifiri awo ya yi, in ta kauce da fiye da santimita 5 a sake. Wani ya kawo shawarar mu yi da wayar hannu tunda tana nuna tsayi. Muka gwada a wuri ɗaya, lambar tana hawa tana sauka da mita da yawa muna tsaye. Waya ta isa ta ba ka inda kake, har da ita nake nuna musu ɗan abin da manhaja ta tanada na taswirar kwamfuta tunda ba mu da kwamfutar, amma ba ta isa awon kwari da tudu a ƙasa irin tamu ba.

Muka zana garin a ma'aunin 1:2,000, santimita 1 mita 20, layin tudu kowane rabin mita. Tsakanin unguwarmu da filin makaranta bai cika mita 2 ba. Mun kuma gano wani ɗan kwari a bayan makabarta da ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai, ta nan ruwa ya zagayo bayan jinga. Bulama ya karɓi kwafi, da aka tashi gyaran jinga an toshe wurin. Masu hali kaɗan sun koma tudu. Mafi yawa sun sake gini a inda suke, da ƙasar da ta rushe, kuma ban ga laifinsu ba.

Yaran da suka ja tiyon nan ba wanda na sake yi wa bayanin layin tudu. A tambayar taswira sun yi abin da ban taɓa gani ba a makarantar. A takarda ta biyu kuwa, inda ake son bayani da Turanci, har yanzu muna zubewa, yaro ya san amsa sarai da Hausa ya kasa rubuta jimla uku. Yanzu nakan yi bayani da Hausa, su maimaita mini, sannan mu gina amsar da Turanci gajeru-gajeru, jimla ɗaya hujja ɗaya da misali ɗaya. Yana taimakawa, amma gyaran daga firamare ya kamata ya faro. 'Yan mata sun fi maza tsabtar zane da haƙurin awo, sai dai da yawa ba sa kaiwa SS3, kuma fita awo da su sai na bi gida-gida neman izini.

Ni dai na samu ɗan fili a gefen tudu, na ɗaga ɗaki biyu, tushen na bulon siminti ne zuwa gwiwa, sama kuma ƙasa. Bashin taki saura kaɗan. Takardun shaidata da suka ɓata ina kan bin sake fitar da su. Littafin awon ruwa mun buɗe sabo daga daminar 2023, wannan karon kwafi uku, ɗaya a ofis, biyu a gidajen ɗalibai, don ana bukatar awon shekara 30 kafin a ce ga matsakaicin ruwan wuri. Har yau ni kaɗai ne malamin darasin, na rubuta neman a ƙaro wani ban ji amsa ba. Zangon nan 'yan SS2 za su sake awon unguwar arewa, saboda yashin da aka zuba wajen gyaran hanya ya canja magudanar ruwan, kuma tiyonmu ya tsage sai mun sayi wani.